AMSA GA MASU SAURARO: HAƊA ƘYALLAYE A YI MAYAFI

Wasiƙarmu ta yau daga wata baiwar Allah take, daga Funtuwa. Ta ce ta tara ragowar ƙyallayen atamfa daga wajen tela, tana so ta haɗa mayafin sanyi ta riƙa sayarwa, amma duk wanda ta ɗinka sai ya karkace, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Tana tambaya ko keken ɗinkinta ne da laifi.

To Malama, ki bar keke ya huta. Matsalar daga awo take. Ki duba lissafin nan: in kina kuskuren kashi 1 cikin 8 na inci a kowane haɗi, kafin ki yi haɗi 16 a layi ɗaya kin yi asarar inci 2 cur. Kin ga inda karkacewar ke fitowa.

Da farko, ki ware na auduga daban da masu santsi, don jansu ba ɗaya ba ne. Ki wanke su, ki goge. Wanda zai tsuke ya tsuke tun yanzu, mai zuba kuma ya nuna halinsa.

Na biyu, ki yanko kwali mai ƙarfi, inci 4 da rabi kowane gefe. Shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi bisa ƙyalle daidai da yadda zaren saƙa ya tafi, ki zagaye da fensir, sannan ki sa almakashi. Yankan da aka yi a karkace miƙewa yake yi.

Na uku, bakin ɗinki ya zama kwatan inci, ba ƙari ba ragi. Ki sa alama a jikin keke ki riƙa bi.

Ki fara da gida mai ƙyalle 9, wanda matan Amurka suka daɗe suna koya wa 'yan koyo: 5 masu duhu, 4 masu haske, a jere kamar gidan dara. Ki haɗa uku-uku su ba da layi 3. Wajen guga, ki kwantar da bakin ɗinkin layin sama da na ƙasa dama, na tsakiya hagu. Da haka gaɓoɓin za su cije juna in kin zo haɗawa. Danna dutsen guga za ki yi, ban da ja.

In kin gama, ki auna. Gidan ya ba ki inci 12 da rabi kowane gefe. In bai kai ba, ki warware tun yana ɗaya, kada ki bari sai kin tara 30.

Sa auduga a tsakiya da shafi a baya, irin yadda ake yi wa lifidin doki, wannan sai gidajen sun cika. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya sa wa sana'a albarka, a gaida mutan gida.