Jawabi Kan Tsofaffin Mujallun Da Suka Koya Wa Mutane Ƙere-Ƙere

 

Yau zan ba ku labarin wasu tsofaffin mujallu na ƙasar Amurka. Mujalla 'yar'uwar jarida ce, sai dai ta fi ta kauri. Har gobe akwai dattawa a can da suke ajiye da waɗannan mujallu a akwati. In sun tuna da su sai kewa ta kama su. To, me ke cikinsu?

Ɗaya sunanta Popular Mechanics. Wani mutum mai suna Henry Windsor ya fara buga ta a birnin Shikago a 1902. Nufinsa shi ne a rubuta zancen injuna da sauƙi, yadda kowa zai gane. A ciki akwai shafukan da ke koya wa mai karatu ƙera abu a gida, kamar teburi ko kwalekwale. Akan sa zane, a faɗi kayan da za a nema, a ba da awon komai. A 1913 masu mujallar suka fitar da littafi mai ɗauke da ayyuka 700 da samari za su iya yi.

Aikin da aka fi tunawa da shi shi ne rediyo marar batir. Wajen 1920 zuwa 1930 yara da yawa sun haɗa shi. Ga yadda yake. Za ka naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin kwali mai siffar gwangwani. Ka ɗaura doguwar waya a bisa itace, ita ce eriya. Wata wayar ka haɗa ta da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Sai ɗan ƙaramin dutse na ma'adinin dalma, da tsinken waya mai taɓa shi. Daga nan sai abin sawa a kunne. Muryar ba ta da ƙarfi, mutum ɗaya ke ji. Amma ƙarfin da tashar rediyo ta watso a iska shi kaɗai ke tafiyar da shi. Ku duba murnar yaron da ya ji magana ta fito daga abin da ya naɗa da hannunsa!

Kada ku ce wasan yara ne. A watan Janairu na 1975 wata mujallar, Popular Electronics, ta nuna wata ƙaramar kwamfuta mai suna Altair. Akan sayi kayanta a warwatse, mutum ya harhaɗa da kansa. Samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, suka karanta. A shekarar suka kafa kamfanin Microsoft, wanda yau duniya ta san shi.

Me ya sa ake kewar wancan zamani? Kayan yanzu a rufe suke zuwa. Ka buɗe wayar salula, abubuwan ciki sun yi ƙanƙanta, ido ma da ƙyar yake ganinsu. In ta lalace, sau da yawa sai a ce sayi sabuwa. Mutum yana amfani da abu, bai san yadda yake aiki ba. Abin da dattawan nan suke kewa ke nan: ka karanta, ka gane, ka yi da hannunka.

Jama'a, mu ma muna da hannu. Yaranmu suna ƙera mota da kara da langalanga, ba wanda ya koya musu. Kada mu kore su mu ce ɓata lokaci suke yi. Abin da yaran Amurka suka samu a mujalla shi ne zane da awo a rubuce. Ku da kuka iya karatu yanzu, in za ku yi akurki ko benci, ku auna, ku rubuta awon, ku ajiye. Wani zai karanta ya yi irinsa, ko ma ya fi.

Gargaɗi ɗaya: kada a bar yaro ya yi gwaji da wutar lantarki ta gida. Tana kisa. Batirin tocila ya ishe shi koyo.

Hausawa sun ce da koyo akan iya.