Hawayen Tuba: Jawabi ga Ƴan'uwa na Gida da na Cin Rani

 An roƙe mu mu yi magana a kan wani abu na addininmu na Kirista, wato addu'ar da mutum ke yi yana kuka saboda zunubinsa. Ƴan'uwanmu Musulmi da ke cikin ƙungiyar ga, kalmar tuba ba baƙuwa ba ce gare ku; ku ba mu aron kunne mu faɗi yadda take a wajenmu.

Tun muna yara anka hore mu cewa namiji ba ya kuka. Yaro ya sha kaciya, in ya daure a yaba masa. Kunama ta harbe ka a gona, ka cije. Ba mu raina dauriyar ga ba, ita ta riƙe mu a shekarun yunwa. Amma mun ɗauke ta mun kai inda ba wurinta ba ne, har gaban Allah. Mutum ya durƙusa, fuska a murtuke, ya roƙi gafarar zunubansa duka a dunƙule, bai ambaci ko ɗaya ba, ya tashi ya kakkaɓe gwiwa.

Ku tuna da almajirai biyu a daren da anka kama Yesu. Yahuza Iskariyoti ya bashe shi a kan azurfa 30. Bitrus kuwa, wanda ya yi alkawarin mutuwa tare da shi, yana jin ɗumi a tsakar gidan babban firist, ya yi musun saninsa har sau uku, farkon musun ma a gaban wata baranya. Zakara ya yi cara. Luka ya ce a nan ne Yesu ya juyo ya dube shi. Ba tsawa, ba zagi, kallo kaɗai. Bitrus ya bar wurin, kuka ya ci ƙarfinsa.

To, shi Yahuza bai yi nadama ba? Ya yi. Matiyu ya nuna mana ya maida kuɗin, ya amsa laifinsa a gaban firistoci. Wane ne cikinmu ya taɓa yin haka? Amma ya tafi da baƙin cikinsa shi kaɗai, ya yanke wa kansa hukunci, ya rataye kansa. Bitrus ya koma cikin ƴan'uwa da kunyarsa, yana nan har ranar da Ubangiji ya same shi a bakin tekun Galili, nan ma kusa da wutar gawayi, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Abin da Bulus ya koya wa mutanen Korinti ke nan, cewa baƙin ciki iri biyu ne: ɗaya yana kai mutum ga ceto, ɗaya ga mutuwa. Daga waje kamarsu ɗaya. Inda sunka rabu shi ne wajen da mai kukan ya fuskanta.

Ga abin da hawayen ke nufi a ganinmu. Muddin mutum yana kare kansa, idonsa a bushe yake: ai talauci ne, ai su sunka fara, ai kowa haka yake yi a birni. Ranar da hujjoji sunka ƙare masa, ya ga wanda ya cuta yana ƙaunarsa har yanzu, ranar ce ruwa ke zubowa. Kamar ƙasar fako ce da ta sha rani. Sai ruwan fari ya jiƙa ta kafin iri ya shiga.

Kiristocin dā da sunka zauna a hamadar Masar sun ɗauki abin nan kyauta ce daga Allah. Ana ba da labarin wani dattijonsu, Arsaniyus, wanda ya bar fadar sarkin Rum a wajen shekara ta 400 ya koma jeji. Yana zaune yana saƙar kaba kamar tsofaffinmu, da ɗan ƙyalle a ƙirji don share hawaye, har gashin idonsa ya zube. Bayansa wani malami mai suna Yahaya, a dutsen Sina'i, ya koyar cewa hawayen tuba suna wanke dauɗar da mutum ya kwasa bayan baftisma. Amma shi ɗin ne kuma ya ja kunnen almajiransa kada mai kuka ya raina wanda idonsa bai kawo ruwa ba, don wani ɗigo ɗaya ya fi masa wuya bisa ga kukan dare na wani.

Jan kunnen nan ya shafe mu. Hawaye ba kuɗi ba ne da za a biya Allah. Gafara kyauta ce ta wurin gicciyen Almasihu. Kuma ba kowane kuka ne tuba ba. Isuwa ya yi kuka sosai, amma albarkar da ta kuɓuce masa yake wa kuka. Mun ga masu irin wanga kuka a taron addu'a ran Lahadi, ran kasuwa kuma su koma awo da tsohuwar tiyarsu mai ƙaramin ciki. Zakka na Yariko, ba a rubuta mana cewa ya zubar da hawaye ba, amma ya tsaya ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma ya maida masa ninki huɗu.

Mu dattawan ikilisiya ma muna da laifinmu. Sau nawa saurayi ya fara kuka cikin addu'a, munka ce masa ya yi shiru, ana kallonsa? Kunyarmu munka kare, shi kuwa munka rufe masa ƙofar da Allah ya buɗe.

Yanzu ga damina tafe. Akwai wanda ya shekara uku a bakin teku, ba saƙo, ba wasiƙa, matarsa tana sussuka a gidajen mutane don ta ciyar da diyansa, shi kuma kunya ta hana shi shiga mota don hannunsa wayam. Akwai wanda ya jinginar da gonar marayun ƙaninsa. In takardar ga ta same ka, ɗan'uwa, shiga ɗaki ka kira laifin da sunansa a gaban Allah. In kuka ya zo, kada ka haɗiye shi. Sa'an nan ka zo gida. In kana jin nauyin shiga wurin surukanka kai kaɗai, ka biyo ta wajenmu, mu biyu ko uku za mu raka ka.