Kayan Binciken Intanet da Abin da Suke Iya Gani a Ƙasar Malumfashi



An nemi mu yi magana a kan binciken da ake yi da abin da ke fili, watau hotuna da bidiyo da taswira da rubuce-rubucen da kowa zai iya samu a intanet ba tare da izinin wata hukuma ba. Abin da ɗalibai suka fi tambaya shi ne, wace manhaja ce ta fi? Mu a ganinmu an ɗauko tambayar ta wutsiya. Manomin Malumfashi ba ya gardamar ko garma ta fi lauje, sai ya dubi aikin da ke gabansa da irin ƙasar da zai yi shi a kai. Akasarin kayan nan kuwa an ƙera su ne da biranen Turai da Amurka a zuciya, saboda haka wajibi ne mu san abin da kowannensu ke iya gani a ƙauyukanmu.

Bari mu ɗauki misalin da har yanzu bai bar zukatanmu ba. Ranar Talata 19 ga Agustan 2025 'yan bindiga suka auka wa masallata da asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi. Adadin mamatan da aka fara bayarwa bai kai 20 ba, amma kafin kwana biyu ana maganar 50. A irin wannan rana wayoyi kan cika da hotuna, to ina mai bincike zai fara?

Tambaya ta farko, hoton sabo ne ko tsoho? Wannan aikin Google Lens ne da TinEye da Yandex, ka ba su hoto su nemo inda ya taɓa fitowa. In bidiyo ne, InVID kan yanka shi hoto-hoto a bi kowanne. Kada a raina wannan mataki. A watan Yunin 2018 an baza hotunan gawawwaki a Facebook da sunan rikicin Filato, alhali kuwa binciken BBC ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu tun 2012 aka ɗauke shi a Kongo-Brazabil, kuma an rasa rayuka a ramuwar gayyar da ta biyo baya. Sai dai a lura, rashin samun hoto a wajen waɗannan manhajoji bai tabbatar da cewa sabo ba ne, domin abin da ke yawo a WhatsApp, inda mafi yawan labarinmu ke bi, a rufe yake gare su.

Tambaya ta biyu, a ina ne kuma yaushe? A nan ne ake yawan kawo mana labarin Kamaru. A 2018 sashen bincike na BBC ya bi diddigin wani bidiyo da aka harbe mata biyu da yara biyu a cikinsa, wanda gwamnatin ƙasar ta fara cewa ƙarya ne. Masu binciken suka gwada siffar duwatsun da ke bayan bidiyon da Google Earth har suka gano wurin kusa da Zelevet, suka auna inuwar sojojin suka ce an yi kisan tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2015. A 2020 aka ɗaure sojoji huɗu shekara 10 kowanne. Aiki ne abin yabo, amma duwatsun Mandara suka taimake su. Mu ƙasarmu gona ce bayan gona, katangar ƙasa irin ta kowa, kuka da ɗorawa irin na ko'ina.

To, me ya rage mana? Akwai tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, na Tarayyar Turai, wanda hotunansa kyauta ne, yana kuma komowa kan wuri kusan duk kwana 5. Amma kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, watau zai nuna tabon unguwar da ta ƙone, ba zai nuna ɗaki guda ba. A Agusta kuwa, lokacin marka, sau da yawa gajimare kaɗai za ka gani. Akwai kuma FIRMS na hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai nuna inda wuta ke ci. Wanda bai san ƙasar nan ba, in ya buɗe shi da hunturu ya ga jajayen ɗigo daga Funtuwa har Ƙanƙara, sai ya ɗauka an ƙone ƙauyuka, alhali manoma da mafarauta ne ke cinna wa daji wuta.

A nan ɗan ƙasa ya fi injin. Wanda ya tashi a Bakori ko Kafur, da ya ga tsawon dawa a gefen hoto, ko masara ta yi goyo, ko auduga ta fashe, ya san watan da ake ciki. Ya san hazon hunturu, ya kuma iya rarrabe harshen Bakatsine da na Bazazzagi a cikin muryar bidiyo. Wannan ilmi ne na gaske, ko da yake ba a ba da digiri a kansa.

Wani abin da ke kayar da masu bincike shi ne rubutun suna. Wata jarida ta rubuta Unguwar Mantau, wata Unguwan Mantau. Ƙanƙara kuma akasari babu lanƙwasa a kan haruffanta. Mai neman labarin ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garin, waɗanda aka sace daren 11 ga Disamban 2020 aka sako 344 ranar 17 ga wata, dole ya nema da kowane irin rubutu, da Hausa da Turanci. In ya samu kuma ya adana nan take a Wayback Machine, domin jaridu kan sauya adadi ba su faɗa ba. Kayan su kansu ba su da tabbas: CrowdTangle, da 'yan jarida suka dogara da ita wajen bin yaɗuwar labari a Facebook, kamfanin Meta ya rufe ta a Agustan 2024.

Saura magana guda, mai nauyi. Dabarar da za ta nuna maka gidan da aka tsaya aka ɗauki bidiyo, ita ce za ta nuna wa ɗan bindiga, shi ma yana da waya. Mai bincike na zaune a ɗakin kwanan ɗalibai, wanda ya ɗauki hoton kuwa a ƙauyen zai kwana. Saboda haka muna roƙon duk wanda ya gano wuri ya ambaci gunduma ya bar sunan gida, ya rufe fuskokin mutane, ya kuma miƙa abin da ya samu ga masu tantance labari irin su Dubawa kafin ya watsa.

Shugaba, fili ya koma hannunka don tambayoyi.