Baƙaƙen Ƙurajen Fuska: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai na lokacin hutu a garin Bakori)

 

Watakila wasu su yi mamaki, a ce ga maganar taki, ga ta tsadar karatu, amma mu miƙe a gaban manya muna zancen ƙurajen fuska. Dalilinmu shi ne, wannan ƙaramin abu yana cin kuɗin ɗalibai da na ƙananan ma'aikata fiye da yadda ake tsammani, yana kuma jan wasunmu zuwa ga shafe-shafen da ke lalata fata har ma da ƙoda. Ƙurajen da kansu ba su kashe kowa. Hanyar da muke bi wajen yaƙarsu ita ce abin tsoro.

Da farko ya kamata mu san abin da muke faɗa da shi. A fatar fuska akwai ƙananan ƙofofin gashi masu yawan gaske, kuma a gindin kowace akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo domin fata ta yi laushi. Sa'ad da mutum ya balaga, jiki yakan ƙara yawan wannan maiƙo, shi ya sa ake ƙiyasta cewa kimanin 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi ƙuraje. In maiƙon ya haɗu da matacciyar fatar da ke saɓewa, sai ya toshe ƙofar. Idan bakin ƙofar a rufe yake, sai a ga farin ƙurji. Idan kuwa a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ya toshe ta, sai kansa ya yi baƙi, kamar dai yadda farin goro yake sake launi in an fasa shi an bar shi a sarari. Waɗannan su ne baƙaƙen ɗigo-ɗigon da muke gani a hanci da goshi da haɓa.

Saboda haka baƙin nan ba dauɗa ba ce. Wannan shi ne ginshiƙin maganarmu ta yau. Mu da muka tashi a ƙasar noma, tsakanin Funtua da Malumfashi, inda ake wuni cikin ƙurar sussukar masara da ta hunturu, abu ne mai sauƙi mu ɗauka ƙura ce ta maƙale. Sai mutum ya ɗauki soso da sabulu mai kaifi ya yi ta dirzar fuska sau huɗu ko biyar a rana. Wani ya shafa toka, wani lemun tsami, wani ma man goge baki. Toshiyar kuwa tana can cikin ƙofar gashi inda soso bai kai ba, fatar sama ce kawai ke shan wuya, ta bushe, ta yi zafi, ƙurajen su ƙara fusata.

Daga dirza sai matsa. Kowa ya san yadda hannu yake ƙaiƙayi in an tsaya gaban madubi. Amma farce da tsinke da allura sukan tura abin da ke ciki ya ƙara nutsewa, ƙofar ta fashe daga ƙasa, wurin ya kumbura ya yi mugunya. Ga mu baƙar fata kuwa akwai ƙarin matsala, domin duk inda fatarmu ta ji ciwo takan tara launi a wurin, ya zama baƙin tabo. Ƙurjin da zai baje cikin mako guda sai ya bar tabon da zai yi wata shida ko shekara bai gushe ba.

To, a nan ne babban haɗarin yake shigowa. Mai tabo yakan nufi kantin kayan shafa ko kemis ya ce a ba shi abin da zai goge fuska, musamman in biki ya matso ko za a tafi neman aiki. Abin da akan miƙo masa yawanci ɗaya ne daga cikin uku.

Na ɗaya, man da ke ɗauke da sitiroyid, irin su Dermovate da Betnovate da Funbact-A. Waɗannan magunguna ne na gaskiya, an yi su ne domin wasu cututtukan fata, a shafa na ɗan lokaci bisa umurnin likita. In aka mai da su man shafawa na kullum, fuska takan yi haske da santsi a makonnin farko, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, sa'an nan wasu sababbin ƙuraje su fito birjik, waɗanda maganin ne da kansa ya haife su.

Na biyu, man bilicin mai haidurokwinon. Tun a shekarar 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana yadda daɗewa ana shafa shi yake sa kumatu su yi baƙi ƙirin da kaushi, irin baƙin da ke da wuyar magani. Ƙasar ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990.

Na uku, sabulu da man da aka zuba wa zaiba. Zaiba guba ce, tana ratsa fata ta shiga jini, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga jaririn da ke ciki. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasashen duniya suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata a ƙasar Japan a 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2011 cewa 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ce al'amarin bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Da yawa daga cikin masu wannan shafa ba da niyyar sake launi suka fara ba, tabon ƙurji ɗaya suka so su goge.

Mene ne mafita? Ga abin da likitocin fata suka yi ittifaƙi a kai, kuma ba shi da tsadar da ta kai ta waɗancan mayuka.

A wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi, da tafin hannu kawai. In an dawo daga gona ko filin ƙwallo an yi gumi, a ɗauraye. A kula da man kitso da man gashi masu kauri, domin sukan gangaro goshi su toshe ƙofofin gashi, kuma tun 1970 likitoci suka gane irin ƙurajen da suke haddasawa. A wanke rigar matashin kai da ɗankwali da hula a kai a kai. Mai shafa hoda kada ta kwana da ita.

Game da magani, akwai sinadarin salisilik, wanda akan samu cikin sabulun ruwa na wanke fuska, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ko ƙasa da haka. Shi yana narkewa cikin maiƙo, don haka yana iya shiga ƙofar ya sassauta toshiyar. Ga masu taurin kai kuwa akwai adafalin, wanda aka fi sani da sunan Differin, da aka fara amfani da shi a Amurka a 1996. Akan shafa kamar ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, da dare, a fara da kwana biyu ko uku a mako. A makonnin farko fuska takan bushe ta yi saɓa, balle da hunturu, sai a haɗa da man shafawa marar nauyi, a kuma kare fuska daga rana da malafa ko laima. Mace mai ciki ko mai neman ciki kada ta kusance shi.

Amma fa sharaɗin duka shi ne haƙuri. Waɗannan magunguna sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu sosai. Duk man da ya gyara fuska cikin kwana uku, a tuhume shi. Haka kuma duk haɗin da aka ɗura a kwalba ba suna, ba lambar NAFDAC, ba jerin abin da ke ciki, a bar wa mai shi kayansa, ko da ƙawa ce ko 'yar'uwa ta kawo.

Idan an yi wata uku babu sauƙi, ko ƙurajen manya ne masu zafi da ke barin rami, lokacin ganin likita ya yi. Akwai babban asibiti a Funtua da Malumfashi, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, a kan hanyarmu ta zuwa Zariya, inda ake samun likitocin fata. Wanda ya daɗe yana shafa mai sitiroyid shi ma ya nemi likita ya nuna masa yadda zai janye a hankali, domin yankewa farat ɗaya takan sa fuska ta yi bore.

'Yan'uwa, mu ne aka tura makaranta, mu ne ƙannenmu suke kallo su kwaikwaya. In yarinya ta ga kwalba a akwatin yayarta 'yar jami'a, ta ɗauka ilmi ne ya zaɓo ta. Don haka muna roƙon kowa, in ya koma gida yau, ya ɗauko abin da yake shafawa ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ya kuma karanta wa na ƙasa da shi. Mu daina yi wa mai ƙuraje ba'a a aji ko a ofis, domin sau da yawa ba'ar ce ke kora shi kantin bilicin. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.