Jawabi Ga Manoman Auduga Na Bungudu



Masu ilmin ciniki sun rabu biyu a kan audugarmu. Na farko suka ce Gwamnati ta saya, ita za ta yanka farashi. Aka kafa Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa cikin 1954. Ta saya da araha, ta sayar waje da tsada, rarar kuwa ta nufi Kaduna.

Na biyu, almajiran Bankin Duniya, suka ce a sakar wa kasuwa. Cikin 1986 aka rushe hukumomin ciniki. To, sai iri ya gauraye, dillali ya zama alƙalin sikeli, daga baya masaƙar Gusau ma ta rufe. Cikinsu wa ya taɓa tambayarmu?

Abin da mu ke nema, a faɗi farashi tun kafin shuka, kuma manomi ya zauna wurin yanka shi.