Ƙauri da kunkunniya a murhun Damargu

A Falanko, kamar sauran garuruwan Damargu, icce ba ya wadata, shi ya sa karan gero da busasshen kashin shanu ke taya shi riƙe tukunya. Idan murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi ya fara ƙauri, kunkunniya ta lulluɓe gindin tukunya, uwargida kan zargi maƙeri. Galibi ba ruwansa. Toka ce ta toshe kafofin iska, ko karan bai bushe ba, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya turnuƙe.

Maganin bai wuce kwashe toka kullum da shanya kara ba.

Abin tsoron na zuwa da hunturu, lokacin da ake shigar da garwashi ɗaka a rufe ƙofa. Gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci.