Robon da ya yar da ƙusa: wa ke da ikon yin dariya da kora daga aiki?

 

Yau kan wata talla ta minti ɗaya zan yi magana. Wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu, sai talla? Ku ɗan ba ni lokaci. Da yawa a cikinku kuna haɗa bidiyo a waya, wasu kuna riƙe wa ƴan kasuwa shafukansu na Facebook da TikTok, wasu barkwanci ne ma sana'arku. Tambayar da ke cikin tallar nan za ta same ku wata rana a kan aikinku.

Ranar 4 ga Fabrairu 2007 aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda suke kira Super Bowl, a birnin Miami. Ba irin balon da muka sani ba ne, nasu ne na daban, amma a ƙasarsu babu shirin tele da ya kai shi tara jama'a. A waccan shekara mutum sama da miliyan 90 suka kalla. Shi ya sa talla a cikinsa take da tsadar tsiya: daƙiƙa 30 kusan dala miliyan 2.6. Kamfanin motoci na General Motors, GM a taƙaice, ya sa talla ta minti guda cur. A wannan farashi, kuɗin ya haura miliyar 2 da rabi na sefa a canjin lokacin.

Ga abin da aka nuna. Cikin masana'anta ake, ana harhaɗa mota. Akwai wani robo, wato injin nan mai hannu da ke ɗaure ƙarafa, launinsa rawaya, an yi shi da ban tausayi kamar ɗan yaro. Sai ƙusa ɗaya ta kuɓuce masa ta faɗi ƙasa. Aiki ya tsaya cak. Kowa ya juyo yana kallonsa. Aka raka shi waje, aka rufe ƙofa. Daga nan sai ka gan shi yana ƴan buga-buga: ya riƙe allon tallar gidaje a bakin titi, ya riƙe lasifika a gidan abincin da ake saye daga cikin mota. Motocin GM suna wucewa, yana bin su da kallo. A bayan hoton wata tsohuwar waƙar kaɗaici ce ke tashi, ta Eric Carmen. Ƙarshe ya hau gada, ya dubi ruwa, ya faɗa. Sai kuma ya farka a bakin aikinsa, ashe mafarki ne. Saƙon kamfanin shi ne: mun ba da garanti na mil 100,000, wajen kilomita 160,000 ke nan, don haka kowa a GM ya ƙwallafa rai a kan inganci, har injuna.

Maganar gaskiya, an iya aikin. Wanda ya kalle ta ba tare da ya san komi ba zai yi murmushi, ya ce kai, robon nan ya ba ni tausayi. To amma Amurkawa sun san wani abu, ballantana mutanen jihar Michigan, inda cibiyar kamfanin take.

A shekarar 2005 GM ta yi asarar sama da dala miliyar 10. A watan Oktoba na shekarar, Delphi, kamfanin kayan gyara da aka ɓalle daga jikin GM, ya shigar da takardar karyewa a kotu. A watan Nuwamba shugaban GM, Rick Wagoner, ya ba da sanarwar za a rage ma'aikata 30,000 a rufe wuraren aiki 12. A 2006 aka buɗe ƙofar sallama da kuɗi: wanda ya isa ritaya a ba shi dala 35,000 ya tafi, wanda ya shekara goma ko fiye ana iya ba shi har dala 140,000, amma da sharaɗin ya yafe inshorar lafiyarsa ta bayan aiki. Ma'aikata wajen 35,000 suka sa hannu suka fita. Don ku ji nauyin adadin: da aka rufe Cominak a Akokan ƙarshen Maris 2021, ma'aikatan kamfanin wajen 600 ne, ban da ƴan kwangila, kuma kun san yadda abin ya girgiza Arlit da gidajen da ake aiko wa kuɗi har nan kudu. To ku ninka wannan sau hamsin da wani abu.

Watanni kaɗan bayan haka ne kamfanin ya biya miliyoyi don ya nuna wa ƙasa baki ɗaya ma'aikacinsa da aka kora, ya rasa madafa, ya faɗa ruwa, kuma a ce a yi dariya.

Masu kare tallar suna da hujja, kuma bai kamata mu yi kamar ba su da ita ba. Sun ce inji ne, ba mutum ba. Sun ce mafarki ne, ba a kori kowa ba. Wasu ma sun ce ai ramuwa ce: robo ne ya ƙwace aikin mutane a masana'antu, yau ga shi shi ma an kore shi, ma'aikaci ya fi kowa cancantar ya ƙyalƙyale. Na yarda akwai ma'aikatan da suka kalla suka yi dariya. Talaka ba ya rasa dariya a kan wahalarsa, mu ma shaida ne.

Sai dai hujjar "inji ne" ba ta tsayuwa. Duk ƙarfin tallar yana kan cewa ka ɗauki robon a matsayin mutum. An ba shi kunya, an ba shi kaɗaici, an ba shi sunkuyar da kai. In ba ka ji shi kamar mutum ba, tallar ta mutu. Ba za ka kwashe daƙiƙa hamsin kana roƙona in tausaya masa kamar ɗan uwana ba, sannan in na ce wannan ai labarin ɗan uwana ne, ka ce haba, ƙarfe ne fa.

Mu a nan mun fi mutane da yawa sanin ƙa'idar wasa. Muna da wasan taubasai, da barkwancin da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko Fulani da Barebari, wanda har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar. Bafillace zai gaya wa Babarbare maganar da in wani ne ya faɗa sai an raba faɗa. Me ya sa take wucewa? Don gobe shi ma za a rama masa, kuma ba wanda abincin wani ke hannunsa a cikinsu. Yanzu ku ɗauki mai gida da yaron shagonsa. Yaro ya yi barkwanci a kan kora, ya ce yau in na fasa kwalbar nan na shiga uku, kowa zai yi dariya. Mai gida ya yi wannan barkwancin, sati ɗaya bayan ya sallami yara uku, yaron zai yi dariya, amma kun san irin dariyar. Kalmomin ba su sake ba, bakin da ya faɗe su ne ya sake. A tallar GM, mai korar ne ya ba da labarin kora, da kuɗin kamfanin, a gaban waɗanda ya sallama da iyalansu suna zaune a falo suna kallon wasa.

Kuma gadar nan ba ƙirƙira ba ce zalla. Wasu masana tattalin arziki biyu, Daniel Sullivan da Till von Wachter, sun bi bayanan ma'aikatan jihar Pennsylvania da suka daɗe a aiki kafin a sallame su a taron dangi. A binciken da suka fitar a 2009 sun gano cewa a shekarar farko bayan sallama, haɗarin mutuwar irin waɗannan maza yana ƙaruwa da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari, kuma tasirin ba ya gushewa gaba ɗaya ko bayan shekara ashirin. Garin Flint, inda GM ta taɓa ɗaukar mutum wajen 80,000 a ƙarshen shekarun 1970, ya ga wannan da idonsa tun kafin masana su ƙirga. Michael Moore ya yi fim a kai tun 1989.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba gadar ba ce. Darasin da tallar ke koyarwa ne: wai mota tana yin kyau saboda ma'aikaci yana tsoron kora har cikin barcinsa. Ƙusa ɗaya, waje. Kuma GM ta fi kowa sanin wannan ƙarya ce, don an gwada a gidanta.

Tana da wata masana'anta a Fremont, jihar Kalifoniya, da aka yi wa shaidar ita ce mafi lalacewa: fashin aiki, yajin aiki, motoci masu aibi. Ta rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, da sunan NUMMI, aka dawo da da yawa daga cikin tsofaffin ma'aikatan nan da ake zagi, da sandikansu. Toyota ta kawo tsarinta. A saman layin aiki akwai igiya, duk ma'aikacin da ya ga matsala, ko shi ya yi kuskuren, yana da ikon ja, shugaban rukuni ya zo a gyara, in ta kama layi ya tsaya. Ba a hukunta mai jan igiya, so ake ya ja. Aka kuma yi alkawari a rubuce cewa ba za a sallami mutane ba sai in kamfanin na fuskantar halaka, kuma da kasuwa ta ja baya a ƙarshen shekarun 1980 an cika alkawarin. Cikin ɗan lokaci motocin Fremont suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk GM. Mutanen nan dai su ne, hannuwan su ne. Dalilin a fili yake, kowane mai gareji a Maradi ya san shi: yaron da ke tsoron duka in ya ɓalla noti, ɓoyewa zai yi ya rufe bonet, sai mota ta mutu a hanyar Dakoro a gane. A NUMMI, robon da ya yar da ƙusa igiya zai ja, a ɗauko ƙusar, a tambayi me ya sa ta zame.

Sannan tallar ta ɗora laifin a inda ba nan yake ba. A farkon shekarun 1960 kusan rabin motocin da ake sayarwa a Amurka na GM ne. Zuwa 2006 ya koma kwata. Ba mai ɗaure ƙusa ne ya yanke shawarar dogara da manyan motoci masu shan mai ba, har farashin mai ya tashi ya same su a haka. Ba shi ya zana motocin da masu saye suka guje wa suka koma Toyota da Honda ba. A ofis aka yi waɗannan. Amma a tele, wanda aka raka bakin ƙofa na ƙasan layi ne.

To me ya biyo baya? Nan ne nake so ƴan ƙungiya su buɗe kunne. Masu sharhi a jaridu da intanet sun yi maganar ma'aikatan da aka sallama tun washegari. Ba wannan ya motsa kamfanin ba. Wata gidauniya ta yaƙi da kisan kai, American Foundation for Suicide Prevention, ita ta fito da sunanta ta nemi a janye tallar, tana cewa nuna kisan kai a matsayin mafita, har da hanyar yin sa, haɗari ne ga masu rauni. Da farko GM ta ce ba za ta taɓa komi ba. Kafin sati ya cika ta sauko, ta yarda ta yanke wurin gadar. A wannan watan ma Volkswagen ta janye wata talla tata mai nuna mutum a bakin rufin bene, Snickers ta janye tata bayan wasu ƙungiyoyi sun yi ƙorafi. Duk inda aka ja da baya, akwai ƙungiya mai suna da adireshi, da buƙata guda ɗaya da za a iya cewa e ko a'a a kanta.

Gidauniyar ta yi daidai, kuma ta samu abin da ta nema. Amma ku duba abin da ya rage a tallar bayan gyara: ƙusa ta faɗi, an tsaya ana kallo, an raka shi waje, yana riƙe allo a titi. Wato an cire mutuwar, an bar korar da wulaƙancin, aka ci gaba da nunawa. Ɓacin ran dubban mutane da ya watsu ko'ina, ba wanda ya tattara shi ya mai da shi buƙata, bai cire ko daƙiƙa ɗaya ba.

Ni a ganina, e, tallar ta ci zarafin ma'aikatan, ko da waɗanda suka haɗa ta ba su nufa ba. Na ma fi yarda ba su nufa ba, kuma wannan ya fi muni. Ana nufin takarda ta bi tebur bayan tebur, a kamfanin talla da cikin GM, mutane masu digiri suka karanta, suka sa hannu, ba a samu wanda ya ce ku dakata, mutum dubu talatin da biyar fa suka bar mu bara. Ko kuma an samu, ba shi da igiyar da zai ja.

Shekara biyu bayan haka, a Maris 2009, gwamnatin Obama ta sa Rick Wagoner ya sauka. Ranar 1 ga Yuni 2009 GM da kanta ta shiga kotun karyewa, aka ceto ta da kuɗin jama'a wajen dala miliyar 50, harajin mutane har da na waɗanda ta sallama. A cikin wannan rikici ta janye hannunta daga NUMMI, masana'antar ta rufe a 2010, ma'aikata wajen 4,700 suka rasa aiki. Ginin yana nan, Tesla ce ke ƙera motoci a ciki yanzu.

A nan zan dakata. Na ga hannuwa a baya tun ɗazu, a miƙa musu makirfo.